Tambayar Ammu Kuku: hannun bishof ɗin Ingila ya karɓu ko sai an sake?

Abu Hafsa Bur Sudan:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Dan Allah tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu Kirista da ke cikin zauren nan, musamman Sista Rifkatu in tana kusa. Akwai maƙwabcina dattijo ɗan Nuba, Ammu Kuku, yaƙi ne ya koro su daga Khartum tun 2023 suka kama ɗaki biyu a bayan shagona, mutum mai natsuwa wlh ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ko ranar da mai karo ya ƙi kawo ruwa. Jiya bayan magariba muna zaune wajen mai jabana, wato mai sayar da gahawa, sai na ga ya ƙura wa waya ido har kofinsa ya huce bai kurɓa ba, na ce Ammu lafiya? ya ce 'yarsa da ke Ingila ce ta kira, wai wata mai zuwa bishof zai zo cocinsu ya ɗora wa ɗanta hannu a ka, to kuma ga labari yana yawo cewa manyan cocin Afirka sun raba gari da Ingila. Shi ɗan Usƙufiyya ne, ya'ani Angilika. Abin da ya hana shi barci shi ne wai hannun nan ya karɓu ko bai karɓu ba, in yaron ya zo Kadugli wata rana za a ce sai an sake? Ni ban san kan abin ba na ce masa bari in tambaya.

Sadiƙ Kasala:
Wa alaikumussalam Yaya Abu Hafsa. Ai maganar a fili take, cocin Ingila ya halatta auren jinsi kuma yanzu sun ɗauko mace sun ba ta shugabanci, ka ce masa kawai ya hana su kai yaron khalas

Rifkatu Zazzau:
Barkanku da dare. Yanzu na sauko daga aiki, intanet ɗin Gadarif sai a hankali. Sadiƙ ƙanena ka yi haƙuri, ba haka abin yake daidai ba kuma dattijon nan yana buƙatar gaskiyar magana. Cocin Ingila bai ɗaura auren jinsi ba, har yau a dokarsu aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Abin da babbar majalisarsu ta amince da shi ranar 9 ga Fabrairu 2023 shi ne addu'o'in sa albarka ga masu jinsi ɗaya da suka riga suka yi rajista a wajen gwamnati, aka fara amfani da su a Disamba na shekarar, kuma ba a tilasta wa kowane limamin coci ya yi ba, Justin Welby, Akbishof na Kantabiri a lokacin wato babban limamin cocin Ingila, shi kansa ya ce shi ba zai yi da bakinsa ba. Ni ban yarda da addu'o'in ba, na faɗa tun farko kar a ce ina kare su. Amma wanda ya ɗaura auren sosai su ne na Amurka tun 2015, da na Sikotland.

Ishaya Riyad:
Rifkatu 'yar'uwa wannan ai sauya wa tuwo suna ne. Mutum biyu su tsaya gaban bagadi, limami sanye da farar riga ya ɗaga hannu ya sa musu albarka, dangi na ɗaukar hoto, sai a ce mana wai ba aure ba ne? Me ake sa wa albarkar? Ba a sa wa abin da Littafi ya kira zunubi albarka. Kuma su da kansu suka sa hannu a taron Lambet na 1998, wato babban taron bishof-bishof ɗin Angilika na duniya, ƙuduri na 1.10, bishof 526 suka yarda 70 suka ƙi, aka ce ba za a sa albarka ba kuma ba za a naɗa ba. Shekara huɗu kacal wani dayosis a Kanada, wato yankin da bishof ɗaya ke riƙe da shi, ya karya, 2003 Amurka suka naɗa Gene Robinson bishof a New Hampshire yana zaune da namiji. Mu muka fasa alkawari ko su?

Abu Hafsa Bur Sudan:
Toh ku tsaya, ni abin da ban gane ba, ba ku da babba ne kamar Fafaroma da zai tsawatar a wuce wurin?

Rifkatu Zazzau:
Babu Malam, kuma a nan duk rigimar take. Mu larduna ne 42, kowane da shugabansa da tsarin mulkinsa, Najeriya daban Sudan daban Sudan ta Kudu daban. Akbishof na Kantabiri babban wa ne kawai, shi ke kiran taro shi ke zama a kujerar gaba, amma ba shi da ikon cire ko da dikin ɗaya, wato ƙaramin mai hidima, a Zariya ko a Wad Madani. Shi ma taron Lambet ɗin da Ishaya ya kawo, ƙudurinsa shawara ce mai nauyi, ba doka ba ce da za a kai mutum kotu a kanta. Bishof shi ne mai iko a dayosis ɗinsa, kuma tsohuwar ƙa'ida ita ce wani bishof ba ya tsallako iyaka ya yi aiki a gonar ɗan'uwansa sai da izini. To in bishof ɗinka ya kauce fa, wa zai riƙe shi? Wannan tambayar ce shekara 20 da ɗoriya an kasa amsawa.

Malam Ɗahiru Maiurno:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ina bin ku tun ɗazu. Ni ba addinina ba ne amma na koyar da tarihi shekaru, kuma na zauna da 'yan Usƙufiyya a Madani mun ci abinci kwano ɗaya. Abin da Rifkatu ta faɗa ya tuna mini da namu, mu ma ba mu da Fafaroma, shi ya sa in malamai suka saɓa sai ka ga masallaci ya zama biyu a layi ɗaya, kun ga yadda Izala ta rabu Jos da Kaduna. Tambayar dattijon nan kuwa tsohuwar tambaya ce a wurinmu, sallar da ka yi bayan limamin da kake zargi ta yi ko ba ta yi ba. Ku a littattafanku me aka ce?

Rifkatu Zazzau:
Baba Malam Allah ya ƙara girma, ai ka taɓo wurin. Muna da ƙa'idojin bangaskiya guda 39, suna nan a bayan littafin addu'a, ta 26 ta ce rashin cancantar mai hidima ba ya ɓata aikin, saboda ba da sunansa yake yi ba, da sunan Almasihu yake yi. Don haka Malam Abu Hafsa ka gaya wa Ammu Kuku hannun ya karɓu. Abin da zai duba shi ne yaron ya san abin da zai furta da bakinsa, domin ɗora hannu ranar ce yaro ke ɗaukar alkawarin da iyaye suka yi masa a baftisma ya ce yanzu nawa ne.

Ishaya Riyad:
Ki ƙarasa karanta ƙa'idar mana. Ita wannan ta 26 ɗin a ƙarshenta ta ce a binciki miyagun masu hidima, in an same su da laifi a tuɓe su. Ba a ce a zauna ana shan shayi da su ba. A 2016 shugabanni suka taru a Kantabiri aka ce an dakatar da cocin Amurka shekara uku daga wasu kwamitoci, shekara ukun ta wuce me ya canza? ba komai. Shi ya sa aka yi Gafcon, taron 'yan Angilika masu riƙe da tsohuwar koyarwa, a Urushalima tun 2008, shi ya sa a Kigali 2023 aka ce an yanke ƙauna da Kantabiri, shi ya sa ran 16 ga Oktoba 2025 Akbishof Laurent Mbanda na Ruwanda ya fito ya ce ba mu muka fita ba, mu ne gidan. Kuma ku duba yadda ake zaɓen Akbishof na Kantabiri, wani kwamiti ne na mutum 17 masu ƙuri'a, 5 kaɗai daga sauran duniya, a miƙa wa firaminista a miƙa wa Sarki Charles, shi ke nan wai an yi wa mutum miliyan 85 shugaba. Najeriya kaɗai ana ƙiyasta mu wajen miliyan 18. Ranar Lahadi ɗaya a Kaduna da Legas da Onica ta fi ta Ingila duka cika.

Hajiya Ummu Salma Jidda:
Ni dai wlh tausayin dattijon nake ji, an kore ka daga gidanka, 'yarka na wata uwa duniya, abu ɗaya da ya rage maka kana taƙama da shi shi ma a ce ya tsage. Allah ya ba shi haƙuri. Abu Hafsa ka gaishe shi

Sadiƙ Kasala:
Hajiya ai su suka jawo, kuɗin Turawa suke ci shi ya sa ba sa iya magana

Rifkatu Zazzau:
Sadiƙ wannan kam ba zan bari ta wuce ba. Akbishof Daniel Deng Bul na Sudan, lokacin ƙasa ɗaya ce, a taron Lambet na 2008 a cikin Ingilar ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce Gene Robinson ya sauka. Cocin Uganda suka ce ba sa son kuɗin cocin Amurka alhali suna da marayu da asibitoci. Takardar 20 ga Fabrairu 2023 da ta ce ba a ƙara ɗaukar Welby a matsayin babban wa ba, Justin Badi na Juba ne ya jagorance ta kuma Ezekiel Kondo na Khartum ya sa hannu, sati biyu kacal bayan Welby ya zo Juba tare da Fafaroma Francis. Kuma Welby ɗin nan shi ne ya zo Khartum da ƙafarsa ran 30 ga Yuli 2017 ya ƙaddamar da Sudan a matsayin lardi mai zaman kansa. Ka ce sun yi kuskure in ka ga dama amma kar ka ce an saye su.

Ishaya Riyad:
Madalla, to ashe muna tare.

Rifkatu Zazzau:
A kan koyarwar aure muna tare Ishaya, a kan hanyar ne ba ma tare. In ɓera da sata daddawa ma da wari. Rahoton Windsor na 2004, wanda kwamitin haɗakar Angilika ya fitar a kan rigimar nan, abu uku ya roƙa a dakatar: naɗa irin Robinson, sa albarkar, da kuma tsallaka iyakar dayosis. Na ukun mu aka yi wa. Me muka yi? Baba Akinola, shugaban cocin Najeriya a lokacin, ya kafa reshe a Amurka, 2006 aka naɗa Bature Martyn Minns bishof a Abuja aka mayar da shi Bajiniya, ikilisiyoyi suka ɓalle suka ce yanzu suna ƙarƙashin Najeriya, aka shiga kotu shekara da shekaru ana rigima a kan gini da fili, 'yan'uwa suna kai juna gaban alƙali abin da Manzo Bulus ya hana ƙarara. Na san za ka ce gida ne ya kama da wuta aka haura katanga, na ji, amma tunda aka buɗe wannan ƙofar yanzu duk wanda bishof ɗinsa bai yi masa ba sai ya nemo wani a waya. Gobe in wani limami a Kafancan ya ce shi bishof ɗin Brazil yake bi, me za mu ce masa?

Ishaya Riyad:
Za mu ce masa ya kawo aya. Iko ba na kujera ba ne na Kalma ne, bishof da ya bar Kalma ya bar ikonsa a nan wurin. Kuma iyakar da kike magana wa ya shata ta? Kin manta abin da aka yi wa Samuel Ajayi Crowther? An naɗa shi 1864 baƙar fata na farko, ya yi ta fama a bakin Neja har ya tsufa, 1890 wasu samarin Turawa sa'annin jikokinsa suka zo Onica suka dakatar da limamansa a gabansa har da ɗansa na cikinsa, tsoho ya rasu ƙarshen 1891 da baƙin ciki aka kawo Bature a gurbinsa. Ran nan ba wanda ya ce a girmama iyakar bishof. Sai da mu muka tsallaka ne iyaka ta zama abu mai tsarki.

Malam Ɗahiru Maiurno:
Ishaya ɗana wannan tarihin gaskiya ne, kuma akwai wani da ya fi kama da na yau. Maganar mata fiye da ɗaya. Taron Lambet na 1888 ya ce mai mata biyu ba za a yi masa baftisma ba sai ya rage, shekara ɗari cif ana haka, sai a 1988 da bishof-bishof na Afirka suka matsa aka ce to a karɓe shi da matansa da sharaɗin kar ya ƙara. Na taɓa jin wani ƙissis, wato limamin coci, a Madani yana cewa Turawa yanzu da wannan suke kafa musu hujja, wai mun yi muku sassauci a kan al'adarku ku ma ku yi mana a kan tamu. Ban ce hujjar ta zauna ba, ina dai gaya muku abin da ake faɗa.

Rifkatu Zazzau:
Baba wannan a gidanmu aka yi shi. Kakan babana mata biyu gare shi lokacin da ya karɓi bishara, aka ce sai ya saki ɗaya, ya ce wacce, uwar 'ya'ya shida ko marainiyar da ba ta da inda za ta koma? Ya ƙi. Shekara kusan 30 yana zama a bencin baya, shi ke share harabar coci ranar Asabar, shi ke kaɗa ƙararrawa, amma ranar cin jibin Ubangiji in an tashi zuwa gaba sai ya sunkuyar da kai ya riƙe hularsa a cinya. Sai da uwargidan ta rasu aka yi masa baftisma yana dogara sanda. Kakata ta ce ranar bai yi murna ba, kuka ya yi ta yi wai sai da mutuwa ta buɗe masa ƙofa. Shi ya sa in ana maganar nan jikina yake sanyi. Ba na cewa abu ɗaya ne da na yau, Ibrahim da Yakubu da Dawuda duk sun yi mata, wancan kuwa ba inda Littafi ya yarda da shi. Amma na san yadda mutum yake zama a bencin baya. Kuma ƙudurin 1998 ɗin da muke ta ɗagawa, a cikinsa aka ce mu saurari mutanen nan, aka ce su ma ƙaunatattun Allah ne, aka hana tsangwamarsu. Wannan rabin mun karanta shi kuwa? A asibiti na taɓa ɗinke kan wani yaro da aka fasa masa da dutse a kan zargi kawai, ko shekara 20 bai kai ba, ba wanda ya zo duba shi har aka sallame shi.

Sadiƙ Kasala:
Subhanallah. Ni ma ban ce a jefi kowa ba Anti, hukunci ba na 'yan unguwa ba ne

Ishaya Riyad:
Jifa haram ne a wurinmu ma, ba mai gardama. Amma Rifkatu ki tuna inda muke zaune. Ni nan a ɗaki muke sujada mu takwas, labule a sauke murya ƙasa ƙasa. Abokan aikina in suka ga labarin Ingila a waya ni suke juyowa su kalla, ba Welby ba. Duk abin da majalisar Landan ta kaɗa wa ƙuri'a, ɗan Nuba da ɗan Zangon Kataf ne ke amsa tambaya a kasuwa. Ko Katolika da suke da Fafaroma, da ya fitar da takardar sa albarka a Disamba 2023, bishof-bishof ɗin Afirka ƙarƙashin Kadinal Ambongo cewa suka yi ba a nan ba.

Admin Usman Damazin:
Jama'a muhawara ta yi kyau, a ci gaba da mutunta juna. Na goge saƙo biyu na zagi, wanda ya turo ya san kansa

Hajiya Ummu Salma Jidda:
To ita matar da aka naɗa fa, ita ce ta kawo rabuwar?

Rifkatu Zazzau:
A'a Hajiya, bangon ya daɗe da tsagewa. Najeriya tun 2005 ta cire sunan Kantabiri daga tsarin mulkinta, ba mu je Lambet na 2008 ba ba mu je na 2022 ba, mu da Uganda da Ruwanda. Sarah Mullally ran 3 ga Oktoba 2025 aka sanar da ita a matsayin Akbishof ta Kantabiri bayan Welby ya sauka a kan rahoton wani mai cin zarafin yara da coci ya yi sakaci da shi. Ma'aikaciyar jinya ce kamar ni kafin ta shiga hidima, ta kai shugabar ma'aikatan jinya ta Ingila. Wasu matsalarsu mace ce, amma Kenya da Sudan ta Kudu ma suna da bishof mace, babban abin shi ne tana cikin waɗanda suka jagoranci maganar addu'o'in. Abin da ke ci mini rai shi ne mutanen da suka tsaya a tsakiya suna riƙe igiya namu ne, Baba Josiah Idowu-Fearon na Kaduna ya yi babban sakataren haɗakar Angilika ta duniya daga 2015 zuwa 2022 ya sha suka daga gida, wanda ya gaje shi Anthony Poggo ɗan Kajo Keji ne. Su Justin Badi sun je Lambet 2022 suka zauna suka faɗi gaskiyarsu ido da ido suka ƙi cin jibin Ubangiji tare, ni wannan ya fi mini kama da yadda ake yi a gidan gado, ka zo zaman ka faɗi naka. Sannan ku duba nan Sudan. Kwanakin farko na yaƙi 'yan Da'am, wato dakarun RSF, suka mamaye babban cocin All Saints da ke Amarat, Akbishof Kondo ya fito ya dawo Bur Sudan bai bar ƙasar ba, dayosis ɗin da ke ƙarƙashinsa duk yaƙi ya taɓa jama'arsu, kuma dayosis na Salisbury da na Leeds a Ingilar nan da muke cewa a yanke suna cikin masu tsohuwar zumunta da su. Mai zaune a Abuja ko Kigali yanke igiya ba ta yi masa wuya. Wanda mutanensa ke kwana a ajin makaranta fa?

Ishaya Riyad:
To saboda buhun dawa sai a yi shiru?

Rifkatu Zazzau:
Bai yi shiru ba ai, ya sa hannu na gaya maka. Ya faɗi gaskiya kuma bai rufe ƙofa ba, abin da nake roƙo ke nan.

Ishaya Riyad:
Shekara 27 ana barin ƙofa a buɗe 'yar'uwa, sauro kawai ke shigowa. Ni dai in jikana ne zan nemi ikilisiyar da ta tsaya a kan Littafi ko da tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa, akwai su a Ingilar. Amma ban ce hannun bai karɓu ba, wannan kam ba zan ɗora wa dattijo nauyin da Allah bai ɗora masa ba.

Abu Hafsa Bur Sudan:
Barkanmu da safiya. Na same shi da sassafe yana jiran mai karo da jarkoki huɗu, na karanta masa na juya masa da Larabci tun daga na Sista har na Malam Ishaya. Labarin kakan nan sai da ya sa na maimaita. Ya ce a gode muku duka. Ya ce shi bishof ɗin da ya ɗora masa hannu a ƙarƙashin bishiya aka yi lokacin yaƙin farko, ko coci babu, kuma yau ba zai iya tuna fuskarsa ba sai nauyin hannun. Ya ce zai je wajen ƙissis ɗinsu ranar Lahadi ya ji ta bakinsa, in ya ce ba laifi zai kira 'yar ya ce a yi, amma yana son yaron ya haddace Addu'ar Ubangiji da yarensu kafin ranar, shi zai riƙa koya masa ta WhatsApp in wuta ta samu. Sista ya ce in tambaye ki ƙa'ida ta nawa kika ce, yana so ya rubuta a takarda ya tafi da ita.

Rifkatu Zazzau:
Ta 26 Malam. Ya nuna wa ƙissis ɗin duka har ƙarshenta, da wurin da Ishaya ya kawo. Ranar Alhamis motarmu za ta shigo Bur Sudan ɗaukar magani, in an samu hanya zan biyo shagon in gaishe shi.